Lissafin Sabuwar Shekara na Marubutan Labaran Al'ajabi: Alkawari Ne ko Bayani?

A Amurka da Birtaniya, da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, marubutan labaran al'ajabi kan fara fitar da wani irin bayani ga masu karatunsu. Marubuci zai zauna ya faɗi abin da ya rubuta a shekarar da ke ƙarewa, da abin da ya gagare shi, da inda yake fatan kaiwa a shekara mai kamawa. Wani 'yan layuka sun ishe shi, wani kuwa nasa ya kai tsawon babi guda. Al'adar ta zauna har ta kai akwai masu jiran bayanin kamar yadda suke jiran littafin kansa.

Ruɗanin yana wajen yadda ake karɓar wannan bayani. Wasu na ɗaukar duk ranar da marubuci ya ambata a matsayin alkawari, in ta wuce babu littafi su ce an ci amanarsu. Wasu na ganin talla ce kawai aka lulluɓe da tawali'u. Daga nan aka raba marubutan gida biyu, masu himma da ragwaye, ana kafa hujja da sunaye biyu: Brandon Sanderson da George R. R. Martin. Rabon yana da daɗin faɗa, sai dai yana ɓoye yadda sana'ar ke tafiya, da kuma abin da ya halatta mai karatu ya nema daga marubuci.

Wane irin rubutu ake nufi

Turawa na kiran wannan reshe na adabi fantasi. Ƙagaggen labari ne da aka gina a kan abin da ba ya faruwa a duniyar da muka sani: tsafi mai ci nan take, dodanni masu aman wuta, aljanu, da ƙasashen da babu su a taswira. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, duk suna da wannan jini a jikinsu. Ya bambanta da tatsuniya, domin tatsuniya ba ta da mai ita, a baki take yawo, kuma a zama ɗaya ake ƙare ta. Ya kuma bambanta da ƙagaggen labarin kimiyya, wanda ke jingina abin mamakinsa ga na'ura da binciken sararin samaniya maimakon tsafi.

Abin da ya keɓanta irin wanda ake rubutawa yau shi ne gina duniya. Marubuci kan ƙirƙiri ƙasa sukutum, da tarihinta da addinanta da harsunanta da gidajen sarautarta, har da dokokin da tsafinta ke bi. J. R. R. Tolkien, malamin harshe a Jami'ar Oxford, shi ne ya kafa wannan ma'auni da littafinsa The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955. Tun daga nan labarin al'ajabi ya saba da tsawo. Littafin labari na yau da kullum a Turanci yakan tsaya tsakanin kalma dubu 80 zuwa dubu 100. Juzu'i ɗaya na Martin ko na Sanderson yana iya haura kalma dubu 400, kuma yanki ne kawai na labarin.

Akwai kalmomin sana'ar da za a riƙa cin karo da su. Jeri shi ne labari ɗaya da aka rarraba a littattafai da yawa. Daftari shi ne rubutun da marubuci ya kammala kafin a gyara. Edita shi ne mai duba daftarin a kamfanin ɗab'i, ya ce a rage nan a ƙara can. Wa'adi shi ne ranar da aka yi yarjejeniya za a miƙa daftari. Kafin alƙalami kuwa kuɗin da kamfani ke ba marubuci ne tun littafi bai fito ba, wanda daga baya za a cire daga kasonsa na ciniki.

Me ya sa sai a bakin sabuwar shekara

Dalili na kusa shi ne al'adar Turawa ta ƙulla niyya a farkon Janairu. Amma akwai dalilan sana'a da suka fi wannan nauyi. Kasuwar littafi a ƙasashen nan ta fi ci a watannin da ke gaban Kirsimeti, shi ya sa manyan littattafai kan fito a watannin ƙarshen shekara, marubuci ya gama yawon tallata su, sannan ya samu numfashin waiwaye. Manyan kyaututtukan fagen, irin su Hugo da aka fara bayarwa a 1953 da kuma Nebula, suna duba abin da ya fito ne a cikin shekara guda ta kalanda, ana kuma tattara sunayen 'yan takara a watannin farko na shekara mai bi. Don haka marubuci kan jera abin da ya fitar domin masu zaɓe su tuna da shi.

Sai kuma yanayin aikin. Marubuci ba shi da shugaban da zai duba masa aiki duk ƙarshen wata. Yana iya shafe shekara uku a ɗaki ɗaya da labari ɗaya, babu wanda ya ga ko shafi. Bayanin ƙarshen shekara shi ne kusan lokaci ɗaya tilo da yake auna kansa a gaban jama'a, kuma shi ne igiyar da ke riƙe masu karatu a tsawon shirun da ke tsakanin juzu'i da juzu'i.

Sanarwar Martin ta 2016

Mafi shahara a irin waɗannan bayanai shi ne wanda George R. R. Martin ya fitar ranar 2 ga Janairun 2016. Martin, wanda aka haifa a 1948, ya fara jerinsa A Song of Ice and Fire da littafin A Game of Thrones a 1996. Da farko littafi uku ya ƙudurta. Na biyu ya fito a 1998, na uku a 2000. Daga nan tafiya ta fara nauyi: na huɗu sai 2005, na biyar sai 2011, kuma labarin ya kumbura har aka tsayar da cewa littafi bakwai zai ci. A shekarar 2011 ɗin ne tashar HBO ta fara nuna shirin Game of Thrones da aka gina a kan littattafan, wanda ya riƙa cinye kusan littafi guda duk shekara.

Zuwa 2015 shirin ya cim ma littattafan. Kamfanonin ɗab'insa suka so littafi na shida, The Winds of Winter, ya riga zango na shida na shirin fitowa, wanda aka tsara farawa a Afrilun 2016. Aka ba shi wa'adin ƙarshen Oktoba, bai cika ba. Aka ƙara masa zuwa ƙarshen Disamba, nan ma bai cika ba. A bayanin nasa ya faɗi haka ƙarara, ya ce akwai ɗaruruwan shafuka a ƙasa amma da sauran watanni a gaba, ya ce wa'adi rikita shi yake yi, bai kuma ɗora laifin a kan kowa ba sai kansa. Shirin talabijin ya wuce gaba, ya ƙare a 2019 da ƙarshen da masu kallo da yawa ba su ji daɗinsa ba. A ƙarshen 2022 Martin ya ce yana da shafi kusan 1,100 zuwa 1,200, saura ɗari huɗu ko biyar. Har aka shiga 2025 littafin bai fito ba.

Ba zaman banza ya yi a shekarun nan ba. Ya fitar da Fire & Blood a 2018, tarihin gidan sarautar da ke cikin duniyarsa, wanda aka gina shirin House of the Dragon a kansa, ya kuma ci gaba da aikin edita da na talabijin. Masu sukarsa na kafa hujja da wannan ɗin ne ma: tunda hannu na motsi, me ya hana shi motsawa a inda ake jira?

Rahoton Sanderson

Brandon Sanderson, haifaffen 19 ga Disamban 1975, yana fitar da nasa bayanin duk shekara a daidai lokacin zagayowar ranar haihuwarsa, ya kuma raɗa masa suna State of the Sanderson, yana kwaikwayon sunan jawabin da shugaban Amurka ke yi wa majalisa. Rahoto ne mai tsari irin na kamfani: ga manyan ayyuka, ga matsakaita, ga waɗanda aka jingine, ga labarin fim, ga jadawalin shekaru masu zuwa. A tsakanin rahoto da rahoto ma yana nuna wa masu karatu kashi nawa cikin ɗari na kowane daftari ya kammala.

Tarihinsa ya bayyana wannan ɗabi'a. Ya rubuta littattafai fiye da goma kafin ya sayar da ko ɗaya, da yawansu yana aikin dare a teburin karɓar baƙi na wani otal. Elantris ya fito a 2005. Da marubuci Robert Jordan ya rasu a 2007 bai kammala jerin The Wheel of Time ba, matarsa kuma editarsa Harriet McDougal ta zaɓi Sanderson ya ƙarasa daga bayanan da mamacin ya bari, ya yi hakan a littafi uku tsakanin 2009 da 2013. A Maris na 2022 ya bayyana cewa ya rubuta wasu littattafai a ɓoye lokacin kullen korona, ya nemi masu karatu su biya kuɗin huɗu daga ciki tun kafin a buga ta hanyar Kickstarter, wato dandalin da jama'a ke haɗa kuɗi don a samar da wani abu. Mutum kusan dubu 185 suka tara fiye da dala miliyan 41, abin da ba a taɓa gani ba a dandalin a lokacin. Juzu'i na biyar na babban jerinsa, Wind and Truth, mai kusan kalma rabin miliyan, ya fito ranar 6 ga Disamban 2024.

Akwai abu biyu da masu kafa misali da shi kan manta. Na farko, ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da kamfani mai suna Dragonsteel da ma'aikata masu yawa, har da waɗanda aikinsu shi ne bin diddigin labari kada wani juzu'i ya saɓa wa wani, da tarin masu karanta daftari kafin a buga. Na biyu, shi ma ana bin sa bashi. The Rithmatist ya fito a 2013 da nufin za a ci gaba, kuma shekara bayan shekara rahotonsa na maimaita cewa ci gaban bai samu wuri ba. Bambancinsa da Martin a nan shi ne bashin nasa yana kan ƙananan littattafai, kuma yana faɗa tun da wuri cewa kada a sa rai.

Abin da ke jawo jinkiri

Martin da kansa ya raba marubuta kashi biyu: masu zanen gini, waɗanda ke tsara komai kafin su aza tubali, da masu lambu, waɗanda ke shuka iri su ga abin da zai tsiro. Ya sa kansa a kashi na biyu. Sanderson ya fi kusa da na farko, domin yakan san ƙarshen labari kafin ya fara. Kowace hanya na da farashinta. Mai tsari yana da sauri, amma masu suka kan ce ana hango ƙashin tsarin ta cikin naman labarin, kuma Sanderson bai taɓa musanta cewa da gangan yake rubutu da harshe mai sauƙi ba. Mai lambu kan samo abin mamakin da shi kansa bai zata ba, wanda shi ne ya sa aka ƙaunaci littattafan Martin uku na farko, amma rassan na iya yawa har su sarƙe.

Ana iya ganin sarƙewar a lissafi. A littafin farko ana kallon labarin ne ta idon mutum takwas, ban da na gabatarwa. A na biyar sun ninka. Kowane ɗayansu yana wani gari, yana da tasa tafiyar, kuma dole a haɗa su a wuri ɗaya a lokacin da ya dace. Martin ya sha bayyana yadda tsara isowar wasu taurarinsa birnin Meereen na cikin labarin ta ci masa lokaci mai tsawo, yana rubutawa yana rushewa, domin in wane ya riga wane isowa komai na gaba ya canza. Haka kuma ya taɓa shirya tsallake shekara biyar a cikin labarin bayan littafi na uku, ya yi aiki a kan haka, daga baya ya ga ba za ta yiwu ba ya watsar. Littafi na huɗu ya yi girman da sai da aka tsaga shi biyu, kuma a ƙarshensa ya nuna ɗaya rabin zai biyo baya a shekara mai zuwa. Shekara shida ya ɗauka.

Daga nan ake gane kuskuren auna littafi da yawan shafuka. Marubucin da ya ce yana da shafi dubu bana, ya sake cewa dubu baɗi, yana iya zama ya rubuta ɗari uku ya yaga ɗari uku. Farkon dogon labari buɗe ƙofofi ne, abu mai daɗi da sauri. Ƙarshensa rufe su ne ɗaya bayan ɗaya, kowace da mabuɗin da aka riga aka nuna wa mai karatu shekaru ashirin da suka wuce, kuma ba a iya komawa a gyara abin da ya riga ya shiga hannun miliyoyin mutane. Tolkien ya tsira daga wannan tarko ne domin bai saki ko juzu'i ɗaya ba sai da ya gama duka. Ya fara a ƙarshen 1937, ya kai ƙarshe a 1949, yana koyarwa yana duba takardun jarrabawa, ga yaƙin duniya a tsakani. Duk da haka aikin da ya fi so, The Silmarillion, bai gama shi ba har ya rasu a 1973. Ɗansa Christopher ne ya harhaɗa shi ya fitar a 1977.

Shahara ma tana cin lokaci. Wanda littafinsa ya karɓu sai gayyata ta yi masa yawa, ga taruka, ga hira, ga yarjejeniyar fim. Kuɗin da ya samu kuma ya ɗauke masa matsin da a da ke tilasta shi miƙa daftari ko ya gamsu ko bai gamsu ba. Ga kuma nauyin tsammani: rubuta littafi na shida alhali duniya na leƙen kafaɗarka daban yake da rubuta na farko da babu wanda ya san da kai. A wata tattaunawa da suka yi a bainar jama'a a 2016, Martin ya tambayi marubuci Stephen King yadda yake rubutu da sauri haka, King ya ce yana ƙoƙarin cika shafi shida kullum. Abin dariyar shi ne King ɗin ma ya kwashe fiye da shekara talatin a kan jerinsa na al'ajabi, The Dark Tower, kuma sai bayan da mota ta buge shi a 1999, ya ga mutuwa ƙuru-ƙuru, sannan ya zage ya ƙarasa shi a 2004.

Sai lafiya da ajali, waɗanda ba sa shiga jadawalin kowa. Jordan ya rasu yana da shekara 58. Terry Pratchett, mai littattafan Discworld 41, ya bayyana a Disamban 2007 cewa an gano masa wani nau'in ciwon mantuwa. Ya ci gaba da aiki ta hanyar shifta har ya rasu a 2015, ya kuma bar wasiyya a lalata abin da bai gama ba. A 2017 aka bi ta kan ma'ajiyar kwamfutarsa da injin daddaɓe titi.

Ana bin marubuci bashi?

Nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa. Ɓangare ɗaya na cewa wanda ya sayi littafi ya biya kuɗin wannan littafin ne kawai, ya kuma karɓi kayansa, ciniki ya ƙare. Marubuci Neil Gaiman ya tsaya a kan wannan a 2009, lokacin da wani mai karatu ya kawo masa ƙorafin jinkirin Martin, ya amsa masa da cewa Martin ba bawansa ba ne, ba kuma ma'aikacinsa ba. Masu wannan ra'ayi na ƙarawa da cewa littafin da aka rubuta bisa tilas ba ya yin kyau. Suna kawo misalin marubuciya Ursula K. Le Guin, wadda ta bar duniyarta ta Earthsea tun 1972 ba ta koma ba sai 1990, kuma littafin da ta dawo da shi ba wanda za ta iya rubutawa a ƙuruciyarta ba ne.

Ɗaya ɓangaren na cewa wanda ya rubuta "littafi na ɗaya" a bangon littafi ya riga ya yi magana. Ba don yana tsammanin na ƙarshe ba, da mai karatu bai sayi na farko ba, kuma da wannan tsammanin aka karɓi kuɗinsa. Duk wanda ya taɓa sayen littattafan kasuwar Kano na ɗaya da na biyu, ya yi ta zarya wurin mai shago yana tambayar na uku, ya san zafin abin, ko da yake a can sau da yawa kuɗin ɗab'i ne ke tsayar da marubuci, tunda shi ke buga kayansa da aljihunsa. Misalin Le Guin ma, in ji su, bai zauna daidai ba, domin kowane littafinta yana da ƙarshensa, ba ta bar jarumi rataye a bakin rami ba.

In aka duba da kyau, kowane ɓangare yana magana ne a kan abu daban. Ba wanda zai iya bin marubuci bashin ilhama, kuma zagi da yi wa dattijo lissafin kwanakinsa, kamar yadda wasu ke yi wa Martin, rashin tarbiyya ne da babu hujjar da za ta wanke shi. Amma akwai bashin da ke kan marubuci ko yana so ko ba ya so, shi ne na gaskiya a cikin abin da ya furta. Alkawari kaya ne. Lamarin Patrick Rothfuss ya nuna inda iyakar take. Littafinsa na farko, The Name of the Wind, ya fito a 2007, a lokacin kuma ya nuna cewa duka ukun a rubuce suke, za su riƙa fitowa shekara-shekara. Na biyu sai 2011. A 2020 editarsa Betsy Wollheim ta fito fili ta ce ba ta ga ko kalma ɗaya ta na ukun ba. A ƙarshen 2021 ya yi alkawarin sakin babi guda in aka kai wani adadi a gidauniyar agajin da yake jagoranta. Aka kai, shekaru suka shuɗe babin bai fito ba. Ya yi magana a fili game da fama da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wannan abin tausayawa ne. Sai dai fushin da ya biyo bayan alkawarin babin ya fi na jinkirin littafin tushe, domin a nan an ambaci abu takamaimai, an kuma karɓi kuɗi a kansa. Da wannan ma'auni, bayanin Martin na 2016 bai saɓa wa kowa ba. Inda ya yi rauni shi ne hasashen da ya riƙa yi kafin nan da bayan nan, wanda ya fi kama da fata fiye da lissafi.

Sauran marubuta, waɗanda ba a jin sunansu

Duk wannan muhawara a kan mutum huɗu ko biyar take, waɗanda suka yi arzikin da za su iya jinkiri. Bayanin sabuwar shekara na mafi yawan marubuta wani abu ne dabam. Binciken da ƙungiyar Authors Guild ta Amurka ta yi a kan kuɗin shigar 2017 ya nuna matsakaicin abin da marubuci ke samu daga rubutu bai wuce dala 6,080 a shekara ba, na waɗanda rubutu ne kaɗai sana'arsu kuma wajen dala dubu 20. A Birtaniya, rahoton ƙungiyar marubuta ta ALCS na 2022 ya sa na ƙwararrun marubuta a fam 7,000. Kafin alƙalami ba a dunƙule ake ba da shi ba: kashi a ranar sa hannu, kashi in an karɓi daftari, kashi in littafi ya fito, wakilin marubuci kuma ya cire kashi 15 cikin ɗari. Bayan miƙa daftari akan ɗauki kusan shekara kafin littafi ya isa shago.

Ga irin wannan marubuci, saɓa wa'adi na nufin kuɗin haya bai shigo ba, wataƙila ma a soke yarjejeniya. Shi ya sa lissafinsa na Janairu ya fi cika da batun aikin albashi da yake haɗawa da rubutu, da renon yara, da kalma nawa ya iya tarawa da asuba kafin ya fita. Pratchett ma haka ya fara, yana aikin jami'in hulɗa da 'yan jarida a hukumar lantarki, ya ɗora wa kansa kalma 400 kowane dare.

Abin da ka iya biyo baya

Tasiri na farko ya riga ya bayyana, kuma a kan ƙanana ya faɗa. Masu karatu da yawa sun ɗauki matsayin ba za su fara jeri ba sai ya kammala. Marubuta masu tasowa na kokawa da haka, domin kamfani yana duba cinikin littafi na ɗaya ne kafin ya yarda da na biyu da na uku. In kowa ya tsaya jira, jerin ya mutu tun a juzu'in farko, sai kuma mutuwar tasa ta zama sabuwar hujja ga masu jira.

Saboda haka wasu marubuta suka koma hanyar Tolkien, su gama jeri kaf kafin su saki na farko. Joe Abercrombie ya yi haka da jerinsa The Age of Madness, ya rubuta daftarin duka ukun, suka fito a jere a 2019 da 2020 da 2021. Sanderson ya sanar da irin wannan shiri ga kashi na uku na jerinsa Mistborn. Hanya ce mai kyau ga wanda ke da abin da zai ci a shekarun shirun. Wasu kuma sun karkata ga gajerun littattafai masu ƙarewa a juzu'i ɗaya.

Bayanin ƙarshen shekara kansa yana sauya aiki. A rahotonsa na Disamban 2022 Sanderson ya yi amfani da shi wajen sukar kason da Audible, kamfanin littattafan saurare mallakar Amazon, ke ba marubuta masu buga kayansu, ya ce ba zai sa sabbin littattafansa huɗu a can ba a lokacin. Wanda ke da masu karatun da za su tara masa miliyoyi kai tsaye yana iya ja da babban kamfani. Sai dai hakan na ɗora wa sauran marubuta wani sabon aiki, na zama 'yan talla da manajojin kansu, kuma ana fara ganin laifin wanda ya yi shiru yana rubutunsa.

Ga kuma tambayar wa zai ƙarasa labarin da mai shi bai ƙarasa ba. Iyalin Jordan sun zaɓi magaji. Pratchett ya zaɓi injin titi. Martin ya sha nuna ba ya son wani ya rubuta a cikin duniyarsa, Sanderson kuma ya ce ko an ba shi ba zai karɓa ba, domin salonsu bai zo ɗaya ba. Yanzu an samu mai neman gadon da ba a gayyata ba: a 2023 wani mai karatu ya sa manhajar ChatGPT ta rubuta littattafai biyun da suka rage, kuma a Satumban shekarar Martin yana cikin marubutan da suka haɗu da Authors Guild suka kai kamfanin OpenAI, mai manhajar, ƙara a wata kotun tarayya da ke New York, bisa zargin an horar da manhajar da littattafansu ba tare da izini ba.